Shamuwa Ba Ta Zuwa Jebel Ali

A makon ƙarshe na watan Mayu Umma ta kira ni daga Haɗeja. Bayan gaisuwa da tambayar karatu sai ta shiga ba ni labarin gida kamar yadda ta saba, wadda ta haihu da wanda ya yi tafiya, har ta zo kan cewa shamuwa tuni ta iso ta gyara tsohuwar sheƙarta a kan tsamiyar bayan gida, jiya ma an haɗa hadari sai dai iska ta watsa shi. Wanke-wanke nake yi, na buɗe muryar wayar na ajiye ta a gefe, don haka Ummi, 'yar yayata mai shekara bakwai, tana jin komai. Muna yin sallama ta jawo gefen zanena ta ce, "Anti, wace ce Shamuwa? 'Yar uwarmu ce?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. A nan Dubai aka haifi yarinyar, sau biyu kacal ta taɓa zuwa gida. Na nemo mata hoton tsuntsuwar a waya, baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu, nan take ta faɗi sunan danginta da Turanci, har ta ƙara min da bayanin da aka yi musu a makaranta. Ashe ba tsuntsaye ne ba ta sani ba. Na gwada ta da balbela, shiru. Hankaka, shiru. Kurciya ta ce ta taɓa ji a bakin mamanta amma ta ɗauka sunan abinci ne. A daren na sayo littafin rubutu mai layi, muka yi yarjejeniya: duk tsuntsun da muka gani a gidan nan za mu rubuta shi, kuma ba zai shiga littafi ba sai da sunansa na Hausa.

Wanda ya san Dubai ta Deira kawai, wato kasuwar gwal da shagunan abaya na Naif inda 'yan kasuwarmu ke cika jakunkuna, zai yi wuya ya taɓa leƙowa ta wajenmu. Jebel Ali na can kudu maso yamma, tafiyar kusan kilomita 35 a kan titin Sheikh Zayed, hanyar Abu Dhabi. Sunan na nufin dutsen Ali, amma wanda ya taɓa hawa Dala zai yi murmushi in aka nuna masa tudun. Tashar jiragen ruwa ce ta yi wurin. Sheikh Rashid bin Saeed ne ya sa aka haƙa ta, aka buɗe a 1979, a 1985 kuma aka kafa yankin ciniki marar haraji a gefenta, inda mijin yayata ke aiki. Ga masana'antar alminiyam, ga babbar tashar da ke samar da lantarki tana kuma tace ruwan teku ya zama na sha. In ka hau jirgin ƙasa na cikin gari ka wuce tashar Ibn Battuta, abin da za ka yi ta gani shi ne kwantena a kan kwantena da manyan ƙugiyoyin ɗaukar kaya sun yi cirko-cirko a bakin teku. Ba wurin da mutum zai ce bari in je kallon tsuntsaye ba ne. Ni ma shekara guda da rabi na yi a gidan ina fita jami'a ina dawowa, ban taɓa ɗaga kai na dubi bishiyar da ke tsakar gida ba.

Lambun namu bai fi a shimfiɗa tabarma shida ba. Akwai darbejiya guda da ta girme wa zamanmu a gidan, dabino guda, wata fulawa mai ƙaya da jan fure da ta haye katanga, sai 'yar ciyawa da ake fama da ita. Baƙin siririn tiyo ne ya zagaye gindin kowace shuka yana ɗiga ruwa a kan lokaci. Duk ɗanyen ganyen da ka gani a garin nan haka yake rayuwa: na gidaje da ruwan teku da aka tace, na bakin titi da ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tacewa. Ƙasar ba ta da kogi ko guda mai gudu duk shekara. Tsuntsayen lambu kuwa sun san lokacin tiyo fiye da mu masu biyan kuɗin ruwan.

A watan Yuni ana kiran asuba wajen ƙarfe huɗu, rana ta fito wajen biyar da rabi, kafin bakwai da rabi zafi ya kori kowa. Wannan ɗan tsakanin shi ne namu. Mukan zauna a dakalin ƙofar kicin, ni da kofin shayi, Ummi da littafi da fensir, tana hamma.

Wanda ya fara shiga littafi bai ba mu wahala ba. Kurciya ce, irin tamu sak, ƙarama mai jan ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige a wuya, kukanta ma bai sauya ba. Na rufe ido na ji kamar a tsakar gidanmu nake ana shara. Na biyu ya sauko kan ciyawa ranar Asabar yana caka dogon bakinsa a ƙasa mai laima, da ya tsorata sai ya baza tukkunsa kamar mafici. Alhudahuda. Wannan kam Ummi ta san shi ta wata hanyar, don an ba su labarin Annabi Sulaiman da sarauniyar Saba a Islamiyya, sai dai ba ta taɓa zaton tsuntsun cikin Suratun Namli zai zo neman tsutsa a gidansu ba. Na gaya mata malamin tsuntsaye ake ce masa a wajenmu. Ta rubuta har da kirarin.

Sai tsirya. Da yamma suke wucewa garke-garke da ihu, kore shar da dogon wutsiya, wani lokaci su sauka kan dabinon, don a wannan watan ne 'ya'yan ke fara nuna, shi ya sa za ka ga an ɗaure nonnan dabino cikin koren raga a ko'ina. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne jinsinsu ɗaya da tsiryar da ke dazukanmu na arewa, amma na nan ba daga Afirka suka zo ba, zuriyar waɗanda aka kawo cikin keji ne daga wajen Indiya suka kuɓuce suka hayayyafa. Hankakan nan ma ɗan ci-rani ne daga can, kuma ba shi da farar rigar namu, toka-toka ce a wuyansa. Ummi ta ce to ai ba hankaka ba ne. Na ce ta saurari muryarsa tukuna, ta kuma lura da abin da yake yi wa kwandon shara.

Daga nan aiki ya fara tsauri. Akwai wani ɗan mitsitsi, bai kai babban yatsa biyu ba, da ke zuwa kan furanni da lanƙwasasshen baki. A inuwa baƙi ƙirin yake, in rana ta taɓa shi sai ya yi walƙiya shuɗi da shunayya kamar sabuwar shadda. Na san danginsa a gida amma sunan ya ɓace min. Na ɗauki hotonsa na tura wa Umma, ta dawo min da saƙon murya tana faɗa: "Ke yanzu duk karatun naki ba ki san sha-kauci ba?" Wani kuma ba mu taɓa ganinsa da kyau ba sai muryarsa, tun duhu-duhu yake kwarara kira daga filin da ke bayan katanga. Mai kula mana da shuke-shuke, wani dattijo mutumin Punjab ta Pakistan da ke zuwa a keke sau uku a mako, shi ya ce titar ne, a ƙauyensu har kiwonsa ake yi. Ranar da uwar ta ratso ƙarƙashin ƙofa da 'ya'ya biyar a bayanta suna gudu kamar an murza musu zare, na ce ai wannan fakara ce, ta ɗan fi tamu ƙanƙanta ne kawai.

Biyu ne suka gagare mu, kuma su suka fi kowa yawa a lambun. Ɗaya bulbul, kala biyu ma: mai farin kunci da rawaya a ƙarƙashin wutsiya, da mai baƙin kai da ja a wurin. Ɗayan kuma maina, mai ruwan ƙasa da rawayan baki da rawaya a gefen ido, yana tafiya yana taƙama kamar ɗan kamasho a tasha. Shi ma daga kudancin Asiya aka kawo shi, kuma sunansa na cikin jerin halittu 100 da masana suka ce sun fi ɓarna in suka shiga ƙasar da ba tasu ba, saboda yana ƙwace ramukan da wasu tsuntsaye ke sheƙa a ciki. Umma ta kai hoton wa Kawu, wanda ya yi shekaru yana su a fadama, ya duba ya ce wannan ba tsuntsun ƙasarmu ba ne, ba shi da suna. Muka yi shawara da Ummi. Ni na ce a rubuta maina kawai, tunda haka mai lambu ke kiransa kuma bakin Bahaushe ba zai ƙi shi ba. Ita ta ce yarjejeniya ba haka ta ce ba, ta raɗa masa Sarkin Tsiwa. Duka biyun muka rubuta.

Ana cikin haka rigimar darbejiya ta taso. Abban Ummi ya daɗe yana ƙorafi a kanta: tana zubar da ganye da 'ya'ya, tsuntsaye na ɓata masa mota, saiwarta ta fara ɗaga tayil, ga kuɗin ruwa da ke ninkuwa in zafi ya shigo. Ya riga ya yi magana da mai gidan, an yarda a sare ta a shimfiɗa ciyawar roba irin ta maƙwabta. Maganar gaskiya ba ƙarya ya yi ba ko ɗaya, kuma ni baƙuwa ce a gidan, ɗaki aka ba ni kyauta don in yi karatu. Ba ni da bakin cewa kada a sare. Amma kwana uku kafin masu zarto su zo, Ummi ta hango kurciya kwance a wata rassa da ba ta fi tsayin mutum da rabi ba. Na hau kujera na leƙa lokacin da ta tashi. 'Yan tsinke ne aka jera sakaka, har kana hango sama ta ƙarƙashinsu, da fararen ƙwai biyu a kai. Duk tsuntsayen duniya ban san wanda ya kai kurciya sakaci da gini ba.

Ban ce komai ba, yarinyar ce ta je ta tsaya gaban mahaifinta yana cin abinci. "Abba, kurciya ta yi ƙwai. In aka sare ina za ta kai su?" Da Hausa ta faɗa daga farko har ƙarshe, abin da ba ta cika yi ba. Ya dube ta, ya dubi yayata, ya dube ni da na sunkuyar da kai cikin faranti. Ya tambaya kwana nawa abin zai ɗauka. Na ce kwanci kamar mako biyu, renon 'ya'yan ma kamar haka. Ya ce, "Wata guda ke nan. To, wata guda." Yaya ta harare ni ta gefen ido, ta san inda aka samo lissafin.

A cikin watan jiran ne na ce bari in kai Ummi bakin ruwa, don tsuntsayen da na fi sani tun ina ƙarama na ruwa ne. Duk wanda ya tashi a Haɗeja ya san yadda fadama ke cika da baƙi in sanyi ya shigo, agwagin daji da 'yan ƙananan masu dogon baki da ke ƙetaro Sahara daga Turai, ga kirinjijiya da dinya 'yan gida. Jebel Ali na da nata keɓaɓɓen wuri a bakin teku ta wajen iyakar Abu Dhabi, inda kunkurun ruwa ke fitowa yin ƙwai, an sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2018, amma ba wuri ne da mutum zai tashi kawai ya shiga ba. Don haka muka nufi abin da ya fi kama da kogi a garin, wato Khor Dubai.

Wannan shi ne ruwan da ake ƙetarawa a kwalekwalen abra tsakanin Deira da Bur Dubai. Kama da kogi kawai yake yi, amma hannun teku ne da ya kutso cikin ƙasa kusan kilomita 14, ruwan gishiri ne, yana cika yana janyewa sau biyu a yini. A ƙarshensa ya baje ya zama taɓo da tafkuna marasa zurfi, wurin da ake kira Ras Al Khor, wato kan khor ɗin. An keɓe shi tun 1985, a 2007 ya zama wuri na farko a ƙasar da ya shiga jerin Ramsar. Na gaya wa Ummi cewa na farko a Najeriya shi ne tafkin Nguru, a 2000, Baturiya ta kusa da garin kakarta kuma ta shiga a 2008. Ba ta nuna abin ya dame ta ba, tambaya take ko akwai kada.

Mun isa da sassafe, Yaya ce ta tuƙa mu. Mota ake ajiyewa a gefen babban titi, a bi wata siririyar hanya da aka killace da zana don kada tsuntsaye su ga mutane, a shiga ɗan ɗaki mai tagogi. Ba a biyan ko sisi, akwai mai gadi da madubin hangen nesa. Iskar shamal ta kwana biyu tana kaɗawa, sama ta yi fari da ƙura kamar hazon hunturu, sai dai wannan hazon da gumi yake zuwa. Ta cikinsa ake hango Burj Khalifa tsaye can baya kamar allura, manyan motoci na ta gurnani a bayanmu, a gabanmu kuma filamingo ne tsaye cikin ruwa iya idon sawu.

Masu kallon tsuntsaye na gaske za su ce mun zo a mafi munin lokaci, kuma sun yi gaskiya. Da sanyi ne wurin ke cika. Zuwa Mayu yawancin baƙin sun tashi sun nufi tsakiyar Asiya da Saberiya inda suke hayayyafa, kamar dai yadda fadamarmu ke yin shiru in bazara ta yi nisa. Waɗanda suka rage su ne 'yan gida da waɗanda ba su isa tafiya ba. Ni kuwa hakan ya fi min, don ba su yi yawan da za su ruɗa yarinya ba. Mun daɗe a kan filamingo. Kai yake juyawa ƙasa ya sa baki cikin ruwa a kife, yana tace ƙananan halittu da gansakuka, kuma daga abincin nan ne launin jikinsa ke fitowa, shi ya sa ƙananan suke fari-fari da toka. In ya buɗe fiffike sai ka ga ja da baƙi da ba ka zata ba. Mai gadin ya ce mutanen ƙasar fantir suke ce masa. Ummi ta dube ni, na girgiza kai, ta rubuta filamingo ta bar fili a gabansa.

Zalɓe kuwa na nan tsaye a bakin itatuwan ƙurm, waɗanda ke tsiro cikin ruwan gishiri, ya ƙame kamar an dasa shi, irin tsayuwar da yake yi a kogin Haɗeja. Can wani fari ya taso yana rawa cikin ruwa, yana buɗe fiffike yana bin ƙananan kifi da gudu, Ummi ta yi tsalle ta ce balbela. Na so in bar mata, don ta yi kwanaki tana jiran wannan sunan, amma ba ita ba ce. Wannan ɗan bakin teku ne, ya fi tsawon wuya da baki, wasunsu ma baƙi-baƙi ne. Balbela ba kifi ne ya dame ta ba, bayan shanu take bi tana cafke farin da suka tayar, shi ya sa ake mata kirari da ci da motsin wani. Ran yarinyar ya ɓaci, ta ce to a nan ina za a samu shanu.

A hanyar dawowa muka tsaya a danja kusa da wani shataletale mai ciyawa. Wani tsuntsu mai dogayen rawayan ƙafafu da ja a fuska yana ta zagaye yana ƙara a kan wani ma'aikaci da ke gyara tiyo, ɗan uwan zakaran ƙeƙuwa ne, kuma da ganin haukan da yake yi akwai ƙwai ko 'ya'ya a ƙasa kusa. Irinsu kan jiƙa gashin cikinsu su dawo su kwanta kan ƙwai, don a wannan zafin ba ɗumama ƙwai ne aiki ba, hana shi dahuwa ne. Mutumin ya ja da baya ya zagaya ta ɗaya gefen. Ƙarfe tara bai yi ba, rigarsa ta riga ta jiƙe sharkaf. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana a sa ma'aikata aiki a rana daga sha biyu da rabi zuwa uku, shi ya sa mai lambunmu ma ya koma zuwa tun da duhu.

Ƙwan suka ƙyanƙyashe a mako na biyu na Yuni. Iyayen biyu ke karɓa-karɓa, suna ɗura wa 'ya'yan wani farin abu daga maƙoshinsu. Da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga uwar ta tsaya a kansu ta ɗan buɗe fiffike, baki a buɗe, maƙogwaro na kaɗawa da sauri, tunda tsuntsu ba ya gumi. Mun ajiye tsohon faranti da ruwa a gindin bishiyar, muna sauyawa safe da yamma don kada sauro ya samu wuri. Bulbul ke fara zuwa, sai kurciyoyi, sai Sarkin Tsiwa ya zo ya kore kowa ya yi wanka a ciki.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan bai kai ba. Wata safiya muka tarar da shi a ƙasa, tururuwa sun riga mu. Ko iskar dare ce ta jefo shi daga wannan sakaran gini, ko hankaka ne, Allah masani. Ummi ta yi kuka sosai, ta ce a cire hankaka daga littafi. Mai lambu ya haƙa ɗan rami da wuƙarsa a gindin fulawa ya rufe shi, bai ce komai ba. Ɗayan ya yi gashi, ya fara takawa kan reshe, ranar 26 ga wata muka nema muka rasa, sai can muka gan shi a kan katanga, wutsiya guntuwa, uban na gefensa.

Wata guda ya cika. Abban Ummi bai ta da maganar ba, mu ma ba mu tuna masa ba, sai da Yaya ta ce min ya kira masu zarton ya ce su bari sai bayan zafi, wai inuwar na rage wa na'urar sanyaya ɗaki wahala. Bai ce an fasa ba. Motarsa dai ya koma ajiye ta a waje, ya saya mata rigar leda.

Littafin yanzu na da suna goma sha bakwai, huɗu ba su da Hausa. Ran Juma'ar da ta wuce Ummi ta karɓi wayata ta karanto wa kakarta su ɗaya bayan ɗaya, ta ce fakala maimakon fakara, Umma ta gyara mata sau biyu. Sannan ta tambaya ko shamuwar na nan. Umma ta ce tana nan, 'ya'yanta uku har sun fara miƙewa a cikin sheƙa, ruwa kuma ya zauna, an gama shuka gero. Na duba littattafai na ga mafi kusa da mu inda shamuwa ke sheƙa shi ne Yaman, can ɗaya ƙarshen tsibirin Larabawa. Ummi ta buɗe sabon shafi a bayan littafin, ta rubuta shamuwa da balbela a sama, ta ce wannan shafin na hutun Disamba ne. Ban gaya mata ba tukuna cewa kafin Disamba shamuwa ta daɗe da komawa kudancin Afirka.